Wa Zai Iya Ce Wa Mai Mulki A'a?

"Umarni ne daga sama." Duk wanda ya taɓa bin sawun ɗan'uwansa da aka kama ya san wannan magana. Da ita ake sallamar uwa da ta zo da kwanon abinci, da ita ake mayar da lauya da ya zo neman beli. Ba a faɗin ko wane ne a saman, ba a nuna takardar umarnin, ba a sa ranar da za a kai mutum gaban alƙali. Sau da yawa wanda ya faɗi maganar ba mugu ba ne, ƙaramin ma'aikaci ne da ke tsoron kada a raba shi da hanyar abincinsa. Amma kundin tsarin mulki, tun daga farkonsa har ƙarshe, an rubuta shi ne domin a samu wanda zai dubi na saman ya tambaye shi: da wace doka?

A Kaduna ba wannan tambayar muka fi yi ba. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002, da gari ya dare biyu, wasu suka tattara suka koma Rigasa da Tudun Wada, wasu suka tsallaka kogi zuwa Sabon Tasha da Unguwar Romi, abin da muke fara tambaya game da mai riƙe da mulki shi ne: namu ne ko nasu? In namu ne, duk abin da ya yi sai mu nemo masa uzuri. In nasu ne, ko alheri ya yi sai mun tono masa aibu. Ni a ganina babu kyautar da ta kai wannan ga mai son ya yi mulki ba mai ce masa kul. Ba sai ya wahala ba. Yau ya taka waɗancan, waɗannan su yi tafi; gobe ya juyo kan waɗannan, waɗancan su ce Allah ya ƙara. Alhali abin da ya kamata ya dame mu shi ne, ko wane ne ya hau, wa zai iya ce masa a'a, maganar kuma ta zauna?

Abin da kundin 1999 ya tanada ba shi da wuyar ganewa. Sashe na 1 ya ce kundin yana sama da kowa, hukuma da mutum, kuma duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi. Sashe na 4 da na 5 da na 6 suka raba iko gida uku: majalisa ta yi doka ta riƙe makullin baitulmali, shugaba ko gwamna ya aiwatar, kotu ta raba gardama. Hikimar ita ce kada mai kamu ya zama shi ne mai hukunci, kada mai kashe kuɗi ya zama shi ne mai ba kansa izinin kashewa. Aka sake raba ikon tsakanin Abuja da jihohi 36 da ƙananan hukumomi, aka kuma yanka wa shugaba da gwamna wa'adi, shekara huɗu sau biyu. Daga Amurka muka ɗauko wannan salo a 1979, su kuma da suka rubuta nasu a 1787 sun gina shi ne a kan zaton cewa ko mutumin kirki in ya ga babu mai tsawata masa zai wuce gona da iri. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Khalifa Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, a jawabinsa na farko bayan mubaya'a ya ɗaura biyayyar jama'a a kan sharaɗi, ya kuma nemi a gyara masa in ya karkace.

Inda talaka ya fi shigowa shi ne babi na 4, daga sashe na 33 zuwa na 46, musamman sashe na 35. Wanda aka kama yana da ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji. In akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, kwana ɗaya aka ba hukuma ta kai shi gabanta, sai dai an yi sassauci kan laifukan da hukuncinsu kisa ne. In kuma kamun ya saɓa wa doka, kundin ya ce a biya shi diyya a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. A cikin garin Kaduna babu caji ofis ɗin da ya yi nisan kilomita 40 da kotu. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙara haramta kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta kuma ce majistare ya riƙa leƙa wuraren tsare mutane kowane wata. Duk wannan a rubuce yake. Ratar da ke tsakanin rubutun da abin da muke gani ita ce ma'aunin 'yancinmu na gaskiya.

Kuma wannan gardama ba yau ta fara a garin nan ba. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a nan Kaduna ya nemi a sake duba tsarin En'e. A cikin watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Ɗaya daga cikin gida ya yi magana, ɗayar daga waje, amma ciwo ɗaya suka nuna. Kafin zuwan Turawa sarki yana da waɗanda yake jin nauyinsu: masu zaɓen sarki, manyan sarakunan yaƙi, malamai, da talakawan da ke iya yin ƙaura su bar masa ƙasa in zalunci ya yi yawa. Turawa suka zo suka yanke waɗannan igiyoyi na ƙasa, suka ɗaure sarki da igiya guda da ke hannun Razdan. Muddin haraji da jangali suna shigowa kuma gari lafiya, babu mai tambaya. Sai ya zama 'yan doka na En'e, kotun alƙali ta En'e, gidan yari na En'e. Wanda ya kama ka, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai tsare ka, duk albashinsu daga baitulmali guda. Abin da ya sa 'yan NEPU suka sha ɗauri a kan laifuka irin su taro ba izini ke nan, abin da ya sa Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta yi ta shiga kurkuku tana fita. Alƙalan da suka ɗaure su da yawa malamai ne masu ilimi. Tsarin ne bai bar musu wurin da za su tsaya su ce a'a ba.

Soja da suka zo a 1966 sun kammala abin ne ta wata hanya. Duk gwamnatin soja da dokar jingine tsarin mulki take farawa, a rushe majalisa, ikon yin doka da na aiwatarwa su koma hannu guda. Kotu ake bari a tsaye, amma a saka a cikin kowace doka cewa babu kotun da ke da hurumin sauraron ƙara a kanta. A 1970 Kotun Ƙoli ta gwada tsayawa a shari'ar Lakanmi, ta ce gwamnati ba za ta ƙwace dukiyar mutum da dokar da aka yi takanas dominsa ba. Cikin 'yan makonni aka fitar da dokar soja mai lamba 28 ta shafe hukuncin. A 1984 aka yi doka mai lamba 2, wadda ta ba babban hafsan fadar mulki ikon tsare mutum wata uku ba shari'a, in sun ƙare a sabunta. Mai lamba 4 ta ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Mai lamba 20 kuwa ta koma baya ta hukunta laifin da aka yi kafin a yi ta, har aka harbe mutum uku a 1985 kan safarar ƙwaya, laifin da a ranar da suka aikata shi hukuncinsa ba kisa ba ne. Jama'a da yawa sun yi murna a lokacin, don sun gaji da ɓarnar 'yan siyasa, kuma gajiyar tasu gaskiya ce.

Sai dai dokar tsarewa ba ta tafi da waɗanda suka yi ta ba. Janar Buhari da kansa, bayan juyin mulkin Agustan 1985, ya shafe sama da shekara uku a tsare ba tare da an kai shi kotu ba. Doka mai lamba 2 ta wuce hannun Babangida, ta wuce hannun Abacha, ba a soke ta ba sai 1999. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya taɓa zama na biyu a mulkin ƙasar nan, kotun soja ta sirri ce ta ɗaure shi a 1995, ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disambar 1997. A shari'ar ce aka ɗaure Shehu Sani na nan garin. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a wancan zamani, sai a 1998 hukuma ta fito ta ce wai shi ne ya mutu a fashewar bam ta otal ɗin Durbar a Janairun 1996, iyalinsa da abokan aikinsa ba su taɓa yarda da wannan bayani ba. Duk ikon da ka yarda a ba gwaninka, ka ba wanda zai gaje shi, kuma ba kai ke zaɓen magajin ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma bai yi laifi ba. Me tsarin mulki ya tsinana mana? Mutumin Birnin Gwari da ba ya iya zuwa gonarsa, da na Kajuru da aka ƙona wa gida, da iyalan waɗanda aka sace a jirgin ƙasa a Maris ɗin 2022, wane sashe ne ya cece su? Mu dai a ba mu jarumi mai aiki, ba mai jiran majalisa da kotu ba. Wannan ƙorafi ne ya fito da matasa titi a Agustan 2024, wasu da tutar Rasha, wasu suna kiran soja. Yawancinsu an haife su bayan 1999, ba su ga abin da nake ba da labari ba. Amsata ita ce direban da ya fi gudu a hanyar Zariya shi ya fi kowa bukatar birki mai kyau, kuma fasinjan da ya ce a cire birki don a isa da wuri bai san abin da yake roƙo ba. Rashin tsaron da muke kuka da shi ma ɗan rashin bincike ne: kuɗin tsaro da ba a bin diddiginsu, jami'in da ya yi sakaci ba a hukunta shi, wanda aka kama da hannu dumu-dumu a sake shi saboda wani babba ya buga waya. Yaran nan da aka kama a zanga-zangar, aka tsare su kusan wata uku, aka gurfanar da su a Abuja a Nuwambar 2024 da tuhumar cin amanar ƙasa har wasu suka yanke jiki suka faɗi a kotu, me ya fito da su? Kotun a buɗe take, 'yan jarida sun ɗauki hoto, ƙasa ta ɗauki ƙara. A kotun soja ta sirri babu mai ɗaukar hoto.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada maganar jarumi mai aiki. Shugaba Tandja Mamadou yana da farin jini, hujjar tazarce kuwa ita ce a bar shi ya ƙarasa ayyukan da ya faro. A 2009 ya rushe majalisa, kotun tsarin mulki ta ce a'a ita ma ya rushe ta, ya yi ƙuri'ar raba-gardama. A Fabrairun 2010 soja suka ɗauke shi daga fada. Mu a nan, a Mayun 2006, Majalisar Dattawa ta binne tazarcen Obasanjo da ƙuri'ar baki kawai, ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

To amma kada a ɗauka majalisa waliyyiya ce. Kaduna ce ta fara koya wa ƙasar nan cewa ita ma tana iya zama mai danniya. A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP, NPN kuma ta kwashe rinjayen kujerun majalisa. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika aka mayar masa da su, ya yi mulki ba majalisar zartarwa, har aka tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya. Da ya je kotu sai aka nuna masa sashe na 170 na kundin 1979, wanda ya ce kotu ba ta da ta cewa a sha'anin tsigewa. Ko mutum yana ganin Balarabe ya yi taurin kai, ba zai musa cewa ikon da aka ba majalisa don ta tsare amanar jama'a an mayar da shi makamin jam'iyya ba, kuma babu wanda ya iya dakatar da ita. Sai bayan shekara 25 aka toshe wannan ɓaraka. A Disambar 2005 'yan majalisar Oyo 18 cikin 32 suka taru a otal a Ibadan suka shirya tsige Gwamna Rashidi Ladoja, a 2006 Kotun Ƙoli ta ce kariyar da kundin ya ba majalisa tana aiki ne kawai in ta bi matakan da sashe na 188 ya gindaya, ta mayar da shi kujerarsa.

Yau ciwon majalisun jihohi ya juya. Mutane na kiran su 'yan amshin shata, kuma dalilin a fili yake: tikitin takara a hannun gwamna, kujerar kakaki sai da yardarsa, kuɗin gudanarwa shekara da shekaru daga ofishinsa suke fitowa. Sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon binciken duk wata ma'aikata da duk kwabon da ta amince a kashe, amma mun saba ganin wannan iko yana farkawa ne bayan gwamna ya sauka. A Yunin 2024 majalisar Kaduna ta karɓi rahoton kwamitinta da ya zargi gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i da karkatar da naira biliyan 423, zargin da ya musanta. Gaskiyar zargin ko akasinta aikin kotu ne. Abin da ya shafe mu shi ne, basussuka da kwangilolin da ake magana a kansu an yi su ne majalisa tana zaune. Binciken da aka yi lokacin da kuɗi ke fita yana iya tare ɓarna, wanda aka yi bayan mulki ya sauya hannu kuwa ko da gaskiya ne rabin jama'a za su ce bi-ta-da-ƙulli ne. Tsohon gwamnan ya garzaya Babbar Kotun Tarayya a Kaduna yana cewa ba a saurare shi ba, wato ya fake da sashe na 36. Yana da cikakken haƙƙin yin haka, daidai da Sanata Suleiman Hunƙuyi da aka rushe wa gini a titin Sambo a Fabrairun 2018 ana tsaka da rigimar jam'iyya, gwamnati ta ce saɓa ƙa'idar fili da bashin kuɗin ƙasa ne dalili.

Inda na fi so mu tsaya mu dubi kanmu shi ne Zariya, Disambar 2015. Mabiya Harkar Musulunci sun tare hanyar babban hafsan sojan ƙasa, Janar Tukur Buratai. Tare hanya laifi ne, kuma mutanen Zariya sun daɗe suna kuka da halayen ƙungiyar, musamman a Gyallesu. Amma abin da ya biyo baya kisa ne na kwanaki. Ba 'yan Shi'a ne suka ba da adadin ba, gwamnatin jihar ce ta shaida wa hukumar binciken da ita ta kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a rami guda a Mando. Hukumar ta ɗora wa ƙungiyar nata laifin, ta kuma ce a gurfanar da sojojin da suka yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima. Ba mu ga an gurfanar da su ba. A Disambar 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a saki jagoran ƙungiyar, Sheikh Ibrahim Zakzaky, da matarsa cikin kwana 45, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, duk da sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma bin hukuncin kotu. Sai a Yulin 2021 Babbar Kotun Jihar Kaduna ta wanke su ta sallame su. Mu da ba mu tare da aƙidarsu, da yawanmu shiru muka yi, wasu ma murna. Ba sai ka yarda da mutum ba kafin ka ce ba a kashe shi sai da hukunci. Ranar da muka yarda gwamnati ta zaɓi hukuncin da za ta bi da wanda za ta watsar, ranar muka rage darajar duk wata takardar kotu da mu ma wata rana za mu riƙe a hannu.

Ɗaya gefen kogin ma yana da nasa. Bayan rikicin Zangon Kataf na 1992, inda aka yi asarar rayuka masu yawa, gwamnatin soja ta kafa kotu ta musamman da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta, ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Me aka samu? Su suna cewa an zalunce su a shari'a, waɗanda suka rasa 'yan'uwa suna cewa an zalunce su a sassauci, sama da shekara 30 babu ɓangaren da ya yarda an yi adalci. Shari'ar da aka yi ta gajeriyar hanya har wanda aka cuta takan cuta, domin ba ta bar masa hukuncin da kowa zai sallama wa ba. Da aka tsare ɗan jarida Luka Binniyat a Nuwambar 2021 kan rahoton da ya rubuta game da kashe-kashen kudancin jihar, ya yi watanni kafin ya samu beli, 'yan arewacin gari kaɗan ne suka ɗaga murya. Da wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris Dadiyata daga gidansa a Barnawa a Agustan 2019, shekaru suka shuɗe ba shi ba labarinsa, maganar ta koma ta 'yan Kwankwasiyya da abokan hamayyarsu, kamar ba ɗan ƙasa ne ya ɓace a tsakiyar babban birnin jiha ba.

Akwai kuma ranar da tsarin ya yi aiki, kuma Kaduna ce a gaba. A farkon 2023, da canjin kuɗi ya hana mutane cefane, jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, alhali jam'iyyarsu ɗaya da shugaban ƙasa. Kotu ta ba da umarnin wucin gadi a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Shugaba Buhari ya fito ya ce ɗari biyu kaɗai ya yarda. Ranar 3 ga Maris kotu ta yanke hukunci ta ce tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu za su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, ta kuma soki ƙin bin umarninta, bayan 'yan kwanaki Babban Banki ya bi. Ko gwamnonin sun yi don Allah ko don zaɓe, mai shayi da mai kayan miya sun amfana. Tsarin dama bai dogara da tsarkin zuciyar kowa ba, ya isa a ce akwai wani mai iko da ke da dalilin tsayawa gaban wani mai iko.

Duk da haka ba zan ce kundin 1999 ba shi da aibu ba. Soja ne suka miƙo shi da doka mai lamba 24, kuma tabonsu na jikinsa. Sashe na 308 ya sa wa shugaba da gwamna da mataimakansu rigar kariya muddin suna kan kujera. Dokar filaye ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, an dasa ta cikin kundin, don haka takardar filinka tana ƙarƙashin alƙalamin mutumin da kake son ka soka. Babi na 2 ya yi maganar ilimi da lafiya da walwala, sashe na 6 kuma ya hana ka kai ƙara a kansu. Sashe na 215 ya ce kotu ba za ta binciki ko an ba 'yan sanda umarni daga shugaba ko gwamna ba, balle wane iri. Ƙananan hukumomi kuwa, sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a biya su kuɗinsu kai tsaye a daina naɗa musu shugabannin riƙo. Bayan wata uku aka yi zaɓe a Kaduna, jam'iyya mai mulki ta lashe duka 23, kamar yadda aka saba gani a jihohin kowace jam'iyya. Shugaban ƙaramar hukumar da ya san wanda ya ɗora shi, ko kuɗin sun shigo asusunsa kai tsaye ya san inda zai kai gaisuwa.

Wannan ya kawo mu ga maganar 'yan sandan jiha, wadda gwamnonin Arewa suka nuna goyon baya gare ta. Ni ban ƙi ta ba. Mutumin Giwa ko na Kauru ya fi bukatar jami'in da ya san dajin yankinsa ya kuma ji harshensa. Amma duk wanda ya san tarihin 'yan doka ya san abin da rundunar gida ke zama a hannun mai neman cin zaɓe, kuma a jiha irin tamu rundunar da wani ɓangare ya ɗauka ta ɗaya ɓangaren ce ta fi rashinta haɗari. Don haka kafin a miƙa bindiga a rubuta wanda zai naɗa kwamishina da wanda zai iya cire shi, kada ya zama gwamna shi kaɗai. Kuɗin rundunar su fito kai tsaye daga asusun jiha. Ɗaukar aiki ya ratsa ƙananan hukumomi 23. A kafa hukumar karɓar koke da ke da ikon hukunta jami'i, a kuma fayyace abin da aka haramta wa rundunar ranar zaɓe da ranar taron 'yan hamayya. Sashe na 9 ya ce gyaran kundin ba ya tabbata sai majalisun jihohi aƙalla 24 sun amince, ma'ana irin wannan gyara sai ya ratsa zauren Lugard, gaban 'yan majalisarmu 34. Kowannensu yana da mazaɓa, yana da ofis, yana zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya. A can ya kamata limami da fasto da shugaban 'yan kasuwa da ƙungiyar lauyoyi su tare shi, su tambaye shi abin da ke cikin daftarin da zai ɗaga wa hannu.